Akuyar Kirsimeti da Famfon Caina

A gidanmu ba mu taɓa yanka akuyar Kirsimeti da hannunmu ba. Abin da na buɗe ido na tarar ke nan. Baba zai sayo akuya ana saura 'yan kwanaki, a ɗaure ta a gindin mangwaron tsakar gida, ranar biki da sassafe maƙwabcinmu Baba Alhaji ya shigo da wuƙarsa, ya fuskantar da ita gabas, ya yi bisimilla ya yanka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rabin layinmu a Zuru Musulmi ne, Baba kuwa ya ce naman da maƙwabci ba zai iya ci ba, bai ga amfanin ɓata itace a kansa ba. In Baba Alhaji ya yanka, kwanukan Mama na shinkafa da nama babu gidan da ba sa shiga, kuma babu wanda zai tsaya tambaya.

Mahaifina tsohon soja ne, da igiya uku ya yi ritaya, shi ya sa har yau kowa Saje yake ce masa, har da Mama in ranta ya ɓaci. Baba Alhaji kuwa ɗan kasuwa ne, yana da shagon kayan gyaran injuna da babura kusa da tasha. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, ita ma akwai wata 'yar ƙofa ta kwano a bayanta da mata suke bi. Ni dai a gidajen biyu na girma. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta yi mini kitso har na zama budurwa, kuma na sha cin tuwon dare sau biyu ba tare da kowane gida ya san na ci a ɗayan ba.

Abu ɗaya ne mutanen nan biyu ba su taɓa shiri a kansa ba, shi ne Indiya da Caina.

Baba masoyin Indiya ne na gani-kashe-ni. Lokacin da aka tura su aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa, zazzaɓi ya kayar da shi har an fid da rai, wani likitan sojan Indiya ya tsaya a kansa har ya tashi. Tun daga nan duk abin da ya fito daga ƙasar nan mai albarka ne a wurinsa. Da aka ba shi kuɗin sallama, injin niƙa ɗan Indiya ya saya, wani kore mai nauyin tsiya, ya kafa shi a rumfar ƙofar gida, ya haɗa masa dutsen washi a gefe. Injin nan ne ya biya mana kuɗin makaranta mu duka. Baba Alhaji kuwa ya taɓa zuwa Caina saro kaya, ya dawo yana ba da labarin gadoji da jiragen ƙasa har muka haddace. Duk abin da ke shagonsa daga can yake, kuma a ganinsa duniya ta riga ta gama zaɓe, Saje ne kawai bai ji sakamako ba.

Kullum bayan la'asar sukan zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida da sauran dattawan layi, rediyon Baba Alhaji a tsakiya. In aka ce Caina ta ba wata ƙasa bashin gina tashar jirgin ruwa, sai Baba Alhaji ya gyara hula. In aka ce Indiya ta harba wani abu sama, sai Baba ya yi gyaran murya ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. In aka ce shugabanninsu sun gana sun yi musabaha, sai kowannensu ya ce ai nasa ne ya yi wa ɗayan alfarma. Mun ɗauka wasa ne, kuma shekara da shekaru wasan ne.

Sai shekarar korona. Baba ya tafi bariki duba yayana da ke aikin soja, aka rufe hanyoyi, ya maƙale a can. Ni kuma an rufe makarantar da nake koyarwa, na dawo gida ina taya Mama kula da inji. Ana tsakiyar azumi, lokacin da matan layi suka fi bukatar niƙa da markaɗe, injin ya yi tari ya mutu. Bakanike ya duba ya ce famfon mai ne ya tafi, kuma irin na Indiya ko a Kwantagora ba za a samu ba a wannan yanayi. Baba Alhaji bai yi shawara da kowa ba. Ya shiga shagonsa ya ɗauko wani famfo ɗan Caina, bakanike ya ɗan goge nan ya ɗaure can, injin ya tashi kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Da Mama ta yi maganar biya, sai ya ce mata, “Matar Saje, kar in ƙara jin wagga magana.” Muka haɗa baki a kan kada a faɗa wa Baba, don mun san halin kayanmu.

Baba ya dawo farkon damina, ya tarar da injinsa yana aiki, ya shafa shi ya ce wa Mama ta ga abin da yake faɗa, ƙarfen Indiya ba ya tsufa. Mama ta ce ta gani.

Ba a daɗe ba rediyo ya kawo labarin da ya ɓata komai. Sojojin ƙasashen biyu sun yi arangama a kan iyakarsu, can cikin duwatsu masu ƙanƙara, ba da bindiga ba, da sanduna da duwatsu, kuma an rasa rayuka. Ina rumfar inji ina shara, duk abin da aka faɗa a kunnena aka faɗe shi. Baba Alhaji ya yi dariya irin wadda ya saba, ya ce, “Saje, ka ji mutanenka? Ko halbi ba a yi ba, da sanda anka kore su.”

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, “Alhaji, waɗannan da kake wa dariya 'ya'yan mutane ne. Kai ba ka taɓa ɗaukar gawar abokinka a kafaɗa ba.”

Da Baba Alhaji ya yi shiru a nan, da an wuce wurin. Amma an yi masa magana a gaban mutane, shi ma kuma ba ya barin ta kwana. Ya ce, “To mi na na zafi? Injin ga da kaka kuri da shi, wa ka riƙe da shi tun azumi? Famfon Caina na cikinai. Tambayi ɗiyata, ga ta nan.”

Duk majalisar ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai na ci gaba da share inda na riga na share. Baba ya gane. Abin da ya ƙona masa rai ba famfon ba ne, sanin da ya yi ne cewa duk layin sun san abin da bai sani ba, suna kallonsa yana shafa inji yana yabon Indiya. Ya ce a hankali, “Kayan shagonka wata shida suke yi su mutu, kowa ya sani. Ashe abotarka ma irinsu ce.”

Baba Alhaji ya miƙe. Sannan ya kashe rediyonsa, ya naɗe buzunsa, ya shige gida. Shekara talatin da wani abu suna zama a gindin bishiyar nan, ranar ce ta farko da aka tashi kafin kiran magariba.

Washegari Baba ya kira bakanike ya sa aka cire famfon, ya ba ni ya ce in mayar wa mai shi. Na kai wa Inna ina ji kamar in nutse don kunya. Injin ya koma ya yi shiru. Matan layi suka riƙa ɗaukar dawa a ka suna tafiya har bayan kasuwa, suna wucewa ta ƙofarmu suna gaishe da Baba irin gaisuwar da ta fi zagi ciwo. Gaskiya haushin su biyun nake ji. Dattawa da furfura, masu jikoki, suna gaba saboda ƙasashe biyu da ba su ma san akwai wani gari wai shi Zuru ba.

Mama ta ba shi mako biyu ya huce, bai huce ba. Rannan sai ga kwano ya shigo ta ƙofar baya daga wurin Inna, da murfi a rufe kamar na miya. Mama ta buɗe, famfon ne a naɗe cikin tsumma. Ta jira ranar da Baba ya tafi gona wajen Dabai, ta aika aka kira bakanike. Na ce mata, “Mama, ƙarar inji fa ba ta ɓoyuwa.” Ta ce, “Wa ya ce miki ɓoyewa zan yi?”

Da yamma Baba ya dawo, tun daga bakin layi yake jin injin yana buga ƙasa. Ya jingine babur ɗinsa, ya tsaya a ƙofar rumfa yana kallon bel yana juyawa, mata sun yi layi da kwanukansu. Ni na riga na shirya jin tsawa. Sai ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, “Hutu yake so. Injin Indiya in ya huta yakan tashi da kansa.” Ya shige ciki ya nemi ruwan wanka. Baba Alhaji ma yana jin ƙarar ta bayan katanga safe da yamma, bai taɓa tambayar Inna ina famfon da aka mayar masa ba.

Haka muka zauna. A ƙofar gaba ba a ko gaisawa, a ƙofar baya kuwa ba abin da ya tsaya. Daddawar Mama tana tafiya, man shanun da Fulani suke kawo wa Inna yana zuwa. Da Babbar Salla ta zo, a karon farko Baba Alhaji bai kawo wuƙarsa washi a injinmu ba, a wani ɗan dutse ya goga ta a gida. Amma cinyar rago ta shigo kamar kullum. Baba ya ce shi ba zai ci ba. Mama ta soya ta zuba a gwangwani ta ajiye a ɗakinsa, wai don kada yara su taɓa, kuma gwangwanin ya riƙa raguwa da kansa.

Tunda rediyo ya tafi da mai shi, ni na zama rediyon Baba. Kullum da yamma sai ya kira ni in karanta masa labarai a wayata, wadda ita ma 'yar Caina ce, ya sani, na san ya sani. Na karanta masa an hana wasu manhajojin waya na Caina a Indiya, ya ce daidai. Na karanta masa manyan hafsoshinsu sun zauna a bakin iyaka sun tashi ba a cim ma komai ba, an sa ranar sake zama. Ya ce haka ake yi, soja ba ya ja da baya da wuri. Na karanta masa cewa duk da haka jiragen ruwa ba su fasa kai kaya tsakaninsu ba. Rannan da na ga ya ɗauko ƙwayar hawan jininsa, na ce, “Baba, maganin nan naka na Indiya, an ce yawancin garin da suke haɗa irinsa da shi daga Caina suke sayowa. Su da suka yi faɗan ma ba su daina ciniki ba.” Ya haɗiye ƙwayar ya kora da ruwa, ya ce, “Wannan tsakaninsu ne.”

Dattawan coci sun zo, limamin layi ma ya sa baki. Kowannensu amsa ɗaya yake bayarwa, wai shi bai yi faɗa da kowa ba. Abin ya daina ba ni haushi ya koma ba ni tsoro lokacin kaka, ranar da jiri ya kayar da Baba a gona aka kawo shi gida a kwance. Da yamma na ji sallamar Baba Alhaji a zaure. Ya tambayi Mama jikin mai gida, ya yi addu'a, ya tsaya jim kamar zai shigo, sannan ya juya. Baba yana ɗaki yana jin muryarsa, na ga ya ɗaga kai daga filo, da ya ji takun ya yi nisa sai ya mayar. A ranar na tabbata ɗayansu zai iya mutuwa a haka, wanda ya rage kuma ba zai ƙara samun sukuni ba har ya bi shi.

Da Disamba ta kama, Baba ya warware, ya je kasuwar Dirin Daji da kansa ya sayo akuya, ja, mai ƙiba, ta fi ta kowace shekara. Aka ɗaure ta a gindin mangwaro. Ba wanda ya yi maganar yanka, kuma ba abin da kowa yake tunani sai shi. Mahauta Musulmi sun cika gari, ko wanne aka kira zai zo, naman kuma ya halatta. Amma ranar da wani ya shigo gidanmu da wuƙa ba Baba Alhaji ba, duk layin zai san an rufe wannan babi ke nan.

Na tara ƙarfin hali na sami Baba, na ce ko in je in tuna wa Baba Alhaji ranar ta kusa. Ya ce, “Tun kafin a haife ki yake zuwa, ban taɓa aika masa ba. Ya san ranar.” Na zaga ta ƙofar baya na sami Baba Alhaji yana alwala, na durƙusa na gaishe shi, na ce akuya fa ta iso. Ya ce, “Na ji kukanta, ɗiyata. Amma mutumin da anka ce ma abotarshi ta wata shida ta, ba ya shiga gida ba a kire shi ba.” Na dawo na zauna a kicin na ce wa Mama na gaji, su ƙarata. Mama ta ci gaba da tsince shinkafarta, ta ce in miƙo mata faranti.

Ranar Kirsimeti gari ya waye. Da, ana idar da sallar asuba muke jin sallamarsa. Rana ta fito, shiru. Mama ta yanka albasa, ta wanke shinkafa, ta hura wuta, tukunyar nama tana zaune babu komai a ciki. Aka kaɗa ƙararrawar coci ta farko. Yayana, wanda ya zo hutu, ya ce bari ya hau babur ya ɗauko mahauci. Baba yana zaune a kujera cikin kwat ɗinsa ta biki, da lambobinsa na soja a ƙirji, ya ce, “A bar akuya.” Yayana ya ce to me za a ba mutane? Baba ya ce, “Na ce a bar ta.” Akuyar kuwa sai kuka take, ita kaɗai ce a gidan ba ta san abin da ake ciki ba.

Sai muka ji sallama. Ba a ƙofar gida ba, a ƙofar rumfar inji, inda masu niƙa suke tsayawa.

Na riga kowa fita. Baba Alhaji ne, da wuƙarsa a naɗe cikin fata. Bai dube ni ba. Ya ɗaga murya yadda na ciki zai ji, ya ce, “Ko mai inji na nan? Washi nika so.” Duk Zuru an san ba ma tayar da inji ranar Kirsimeti, shi ya fi kowa sani.

Baba ya fito. Suka tsaya, inji a tsakaninsu. Baba ya karɓi wuƙar ya zare ta, ya duba bakinta, ya ga duk ya dakushe har da tsaguwa. Ya ce, “Wa ya yi wa wuƙa wannan wulaƙanci?” Baba Alhaji ya ce, “Mata.” Daga baya Inna ta faɗa mini da bakinta cewa ita ce ta ɗauke ta daga inda yake ɓoyonta ta fasa ƙasusuwan kan saniya da ita, ta mayar ta ajiye inda zai gani, ɗan dutsen da yake gugar ta kuma ta jefa shi bayan rumbu. Mama ce ta ba ta ƙasusuwan.

Baba ya cire kwat ya miƙo mini. Ya kama hannun inji zai juya, yayana ya matso zai karɓa, ya ture shi. Mutumin da jiri ya kayar wata biyu da suka wuce ne fa. Ya juya, ya juya, injin ya yi tari, ya kama. Ya kafa wuƙar a dutse, tartsatsi yana tashi, shi kuma Baba Alhaji ya karkata kai yana sauraren bugun injin irin na wanda ya san abin da yake saurare. Da aka gama Baba ya rage wuta, Baba Alhaji ya sa hannu a aljihu ya ce, “Nawa na?”

Baba ya ce, “Sai an gwada an ga ta yi kaifi. Akwai wata akuya a ciki, ta hana mu barci.”

Baba Alhaji ya karɓi wuƙar ya gwada ta a farcensa. Bai motsa ba tukuna. Ya ce, “Injin ga shina lafiya, Saje.”

Baba ya ɗauki tsumma yana goge hannu, ya goge, ya sake gogewa, hannun da ba abin da ya taɓa shi. Ya ce, “Yana lafiya. Famfon nan naka ya wuce wata shida, Alhaji. Ni ne na yi ƙarya.”

Ban taɓa jin mahaifina ya faɗi wannan kalma a kan kansa ba, ko a gaban fasto. Baba Alhaji ya ce, “Ni ma dariyar da niy yi ba ta da kyau. Allah shi jiƙan yaran mutane.” Baba ya ce amin. Suka shiga gida, Baba a gaba, shi a baya, yayana ya riƙe ƙafafun akuya.

Ni ban bi su ba. Na zauna a kan buhun dusa rungume da kwat ɗin Baba na yi kuka sosai, irin wanda rabona da shi tun ina yarinya, na gode wa Allah da ba a kashe injin ba, ba wanda ya ji ni. Wani nauyi da na ɗauka tun farkon damina ya sauka. Mun makara a coci ranar, mun tarar ana waƙar ƙarshe, kuma ban taɓa jin daɗin makara irin wannan ba. Kwanon farko da aka zuba, ni na kai shi gidan Inna, ta ƙofar gaba.

Bayan la'asar sai ga buzu da rediyo a gindin dalbejiya. Dattawan layi suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar dama jiya aka tashi. Ni da Mama muna zaure muna wanke kwanukan da aka dawo da su, muna kasa kunne. Can cikin labaran duniya aka ce har yanzu sojojin Indiya da na Caina suna girke a kan duwatsun nan cikin sanyi, kowa yana jiran ɗaya ya fara janyewa.

Baba ya yi tsaki ya ce, “Mutanen nan taurin kai gare su.”

Baba Alhaji ya ce, “Wallahi kuwa, Saje. Su duka biyun.”

Mama ta dube ni, na dube ta, ta miƙo mini wani kwanon ta ce in ɗauraye.